KANTIN DA BA SHI DA ƘOFA: LABARIN MASU SAYAR DA KWAMFUTA A FARIS DA LIYON

 Magana ɗaya ce ta yawaita a zaurukan zango kwanakin nan. Yaro ya koyi gyaran kwamfuta, ko kuwa ya yi shekaru yana tsaron shagon wani a Adum cikin Kumasi, ko a Tip Toe Lane ta Ankara, sai ya zo gaban tsohonsa ya durƙusa ya ce a ba shi jari zai buɗe shafin intanet, mutane su riƙa yin odar kaya suna zaune a gidajensu. Tsoho ya rasa ta cewa. In ya hana, a ce ya tare wa yaro arziki. In ya bayar, bai san ramin da ya zuba kuɗinsa ba, domin shi a saninsa kanti sai da ƙofa da kanta da mai tsaro.

To, saboda haka muka ga ya kamata mu kawo muku labarin wata ƙasa wadda ta daɗe da gwada wannan irin ciniki, watau Faransa, da biranenta biyu, Faris da Liyon. A can an ga saurayi ya fara da ɗan abin hannunsa ya zama babban attajiri, an kuma ga ƙaton kanti ya rushe. Wanda ya ji labarin nan biyu zai san irin tambayar da zai yi wa ɗansa kafin ya kwance bakin jaka.

BIRANEN BIYU

Faris kowa ya san ta, ita ce babban birnin ƙasar. Liyon kuwa tana kudu maso gabas da ita, a inda koguna biyu suka haɗu, Rhône da Saône. Tsakaninsu tafiyar wajen kilomita 460 ce a mota, amma jirgin ƙasa mai gudu, wanda aka fara hawa a wannan hanya cikin 1981, yakan kai mutum cikin sa'a biyu.

Liyon garin fatauci ne tun da daɗewa, kamar yadda Salaga ta zama a wurin kakanninmu. Cikin 1463 Sarkin Faransa Luwis na 11 ya ba ta iznin cin babbar kasuwa sau huɗu a shekara, fatake suka riƙa zuwa daga Italiya da Jamus da sauran ƙasashe. Daga baya ta yi suna wajen saƙar alharini. Wani ɗan garin, Joseph Marie Jacquard, shi ne wajen 1804 ya gyara wata masaƙa wadda ake sa mata katuna masu huji, katunan su ne ke gaya mata irin zanen da za ta saƙa. Wannan dabara ta katin huji ita ce masu ƙirar kwamfuta na farko suka ara suka yi ta aiki da ita shekara da shekaru. Watau dangantakar Liyon da kwamfuta ta girmi kakan kakan kowa a cikinmu.

Sayen kaya daga nesa kuma ba baƙon abu ba ne ga Faransawa. Kamfanin Manufrance na garin Saint-Étienne, kusa da Liyon, da kamfanin La Redoute na arewacin ƙasar, sun shekara da yawa suna aika wa mutane littafin kaya mai hotuna da farashi. Mutum ya zaɓa, ya aika da takarda ta gidan waya, a aiko masa. Dattawanmu da suka taɓa yin odar takalmi ko agogo daga Ingila a zamanin Turawa sun san irinsa.

AKWATIN MINITEL

Tun kafin intanet ta shiga gidajen mutane, Faransawa sun saba da yin oda ta waya da allo. Cikin 1982 hukumar wayar tarho ta ƙasar ta fito da wani ɗan akwati mai allo da maɓallan rubutu, ana ce da shi Minitel. Ana haɗa shi da wayar tarho ta gida. Gwamnati ta yi wayo, ta riƙa ba da akwatin kyauta a maimakon ƙaton littafin lambobin tarho da take bugawa kowace shekara. Mutum ya karɓa don neman lambar wani, sannu a hankali ya saba da shi.

Cikin 1984 aka shigo da tsarin da ya sa abin ya bunƙasa. Mutum ya buga lamba, wadda aka fi sani ita ce 3615, ya rubuta sunan kamfanin da yake so, sai ga shi a gabansa. Kuɗin mintocin da ya yi hukumar tarho ce ke karɓa a cikin takardar biyansa, ta cire nata, ta miƙa wa kamfani nasa. Da wannan akwati mutane suka riƙa yankan tikitin jirgin ƙasa, suna duba abin da ya rage musu a banki, suna odar tufafi daga La Redoute da 3 Suisses. Ya zuwa 1993 akwatunan da ke hannun jama'a sun haura miliyan 6.

Ku lura da abin da ya sa mutane suka saki jiki. Akwai wani babba a tsakani wanda mai saye da mai sayarwa duk suka amince da shi, shi ke riƙe kuɗi. Wannan shi ne aikin da maigida yake yi a zango tun zamanin ayari: baƙo ya sauka wurinsa da shanu ko goro, mai saye ya ɗauka bashi, maigida ya tsaya a tsakani. Da intanet ta yi ƙarfi Minitel ya tsufa, har aka kashe shi ran 30 ga Yuni, 2012. Amma ya riga ya koya wa mutanen ƙasar cewa ana iya sayen abu ba a taɓa shi da hannu ba.

TITIN MONTGALLET DA ƘATON KANTI

A gabashin Faris, cikin gunduma ta 12, akwai wani ɗan gajeren titi ana ce da shi Montgallet. A shekarun 1990 ya cika da ƙananan shagunan kayan kwamfuta, yawancinsu na 'yan kasuwa 'yan asalin Sin. Shago na jikin shago, kowa ya manna takardar farashi a gilashi, mai saye ya bi layi yana gwada na wannan da na wancan. Wanda ya san kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Ikko ya san kamanninsa, sai dai wannan ƙarami ne.

Abin da ya jawo su wurin shi ne wani ƙaton kanti da ke kusa, a kan titin Daumesnil, mai suna Surcouf, wanda aka kafa kamfaninsa cikin 1992. An shirya cikinsa kamar kasuwa, rumfa rumfa, hawa bisa hawa, ran Asabar sai ka rasa masakar tsinke. Ƙananan 'yan kasuwa suka kafa shaguna a gefensa, wanda ya ga abu ya yi masa tsada a ciki ya fito ya saya wurinsu. Inuwar giwa ce suka shiga. Cikin 2000 wani babban kamfanin attajirai mai suna PPR ya saye Surcouf, aka buɗe rassa a wasu garuruwa. Cikin 2009 aka sake sayar da shi. Cikin 2012, shekarar da aka kashe Minitel, kotu ta rufe shi saboda bashi, ma'aikata ɗaruruwa suka rasa aiki.

Ga abin da ya kamata yaranmu su ji da kyau: Surcouf ma yana da shafin intanet da ake oda a ciki, bai kuwa hana shi faɗuwa ba. Kuɗin haya a tsakiyar birni da albashin ma'aikata masu yawa sun yi masa nauyi, alhali abokan gasarsa suna sayarwa daga sito a bayan gari, da araha. Mai saye ya zo ya duba kaya a kanti, ya sha bayani, ya koma gida ya yi oda wurin wani. Titin Montgallet shi ma ya ji a jika. Shaguna sun ragu, waɗanda suka rage da yawa sun karkata ga gyaran waya da kwamfuta, domin gyara aiki ne na hannu wanda ba a aiko shi cikin ƙunshi.

SAURAYIN LIYON

Yanzu mu koma Liyon. Cikin 1996 wani saurayi injiniya mai suna Laurent de la Clergerie, yana da shekara ashirin da 'yan kai, ya kafa ɗan kamfaninsa. Bai wahalar da kansa wajen neman suna ba, ya ɗauki haruffan farko na sunansa ya haɗa, ya zama LDLC. Cikin 1997 ya buɗe shafin sayar da kayan kwamfuta. A lokacin nan 'yan ƙalilan ne ke da intanet a gidajen Faransa, su ɗin kuwa yawancinsu masu son kwamfuta ne, masu sayen kayanta ɗaya ɗaya su harhaɗa da kansu. Watau ya kai hajarsa inda masu bukatarta suke taruwa.

Kayan kwamfuta sun dace da irin wannan ciniki. Goro sai an gani, an fasa, an ɗanɗana. Amma faifan ajiya ko ƙwaƙwalwar kwamfuta kowanne da sunan maƙerinsa da lambarsa da girmansa, wanda ke Liyon da wanda ke Faris duk ɗaya ne. In aka rubuta siffarsa daidai, mai saye ya san abin da zai zo masa.

Harka ta buɗe, ɗan'uwansa Olivier da 'yar'uwarsa Caroline suka shigo aka haɗa hannu, ya zama kamfanin gida ɗaya. Cikin 2000 aka sa hannun jarinsa a kasuwar hannun jari ta Faris. A wannan shekara ce kamfanonin intanet da yawa suka durƙushe a Amurka da Turai, waɗanda suka tara kuɗin mutane suka ƙone su wajen talla ba su da cinikin kirki. A wannan shekara kuma Amazon ya buɗe reshensa na Faransa. LDLC ya tsallake wannan, ya ci gaba.

Ina ya zuba ƙarfinsa? A sito. Ya kafa babban wurin ajiya a Saint-Quentin-Fallavier, gabas da Liyon, kusa da babbar hanyar mota da filin jirgin sama, inda kamfanoni da yawa ke da sito. Daga nan ake ɗaure kaya ana aikawa ko'ina. Yana harhaɗa wa mutum kwamfuta yadda ya zaɓa, yana da masu amsa waya su ba da shawara su karɓi ƙara. Wani abin lura kuma, wannan ɗan kasuwar intanet bai raina ƙofa da kanta ba. Ya buɗe kanti a Liyon, cikin 2006 ya buɗe a Faris, daga baya shaguna masu sunansa suka bazu a garuruwa da dama, domin mutum ya ga inda zai kai kayansa in sun lalace. Cikin 2016 ya saye abokin gasarsa Materiel.net na wajen Nantes, cikin 2020 ya saye Top Achat. A shekarar cinikinsa ta 2020 zuwa 2021, lokacin da annobar korona ta zaunar da mutane a gida kowa na neman kwamfutar aiki, cinikinsa ya haura Yuro miliyan 700. Cikin Janairu 2021 ya mai da aikin ma'aikatansa kwana huɗu a mako, sa'a 32, bai rage musu albashi ba.

Ba mu kawo wannan don mu ce duk yaron da ya buɗe shafi zai zama haka ba. Ya shiga kasuwar tun tana fili, yau kuwa ta cika maƙil. Abin ɗauka shi ne inda ya sa kuɗinsa da hankalinsa, daga 1997 zuwa 2021 kuma shekara 24 ce, ba dare ɗaya ba.

YADDA AKE KAFA SHI

To, mene ne shafin nan, me kuma ake bukata? Bari mu bi shi daki daki, yadda ƙaramin ɗan kasuwa yake yi a Faransa.

Da fari sai ya yi rajistar sana'arsa. Gwamnati ta ba shi lamba mai alƙaluma 14, ana ce da ita SIRET, ita ce shaidar kantinsa. Tun 2009 an sauƙaƙa wa mai ƙaramin jari yin rajista shi kaɗai, tun farkon 2023 kuma ta intanet ake yin ta a wuri guda.

Na biyu, sunan shafi. Wannan kamar allon da ake kafawa a bakin kanti ne, da shi za a neme ka. Sunayen Faransa suna ƙarewa da .fr, wata hukuma mai suna AFNIC ke kula da su, kamar yadda na Gana ke ƙarewa da .gh, na Nijeriya .ng, na Nijar .ne. Hayarsa ake yi shekara shekara, kuɗin ba yawa. Amma in aka manta ba a sabunta ba, wani yana iya ɗauka. In kuma yaron da aka ɗauka ya gina shafin ya yi rajistar da sunan kansa, to, allon kantinka na hannun wani. Lalle a yi da sunan mai jari.

Na uku, masauki. Shafi yana zaune ne cikin wata babbar kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana, a gidan wani kamfani mai ba da haya, kamar fatoma mai saukar da baƙi. Gidan fatoma kuwa yana iya cin wuta. Ran 10 ga Maris, 2021, gobara ta tashi a ginin kamfanin OVH da ke Strasbourg, miliyoyin shafuka suka ɗauke, waɗanda ba su ajiye kwafin bayanansu a wani wuri dabam ba suka yi hasararsu. Saboda haka lissafin kaya da na masu saye a riƙa ajiye shi wuri biyu.

Na huɗu, ginin kantin kansa. A zamanin da LDLC ya fara sai mutum ya rubuta kome da hannunsa. Yanzu akwai shiryayyu. Cikin 2007 wasu mutane a Faris suka fito da PrestaShop, wanda kowa ke iya ɗauka kyauta ya zuba hotunan kayansa da farashi. Akwai WooCommerce, akwai kuma Shopify na Kanada wanda ake biya wata wata. Duk wanda ya ce da ku ginin shafi shi ne zai cinye rabin jari, ku tambaye shi dalili.

Na biyar, karɓar kuɗi. Faransawa da katin banki suke biya. Ɗan ƙarfen nan da kuke gani jikin kati ma wani Bafaranshe ne, Roland Moreno, ya yi rajistar dabararsa cikin 1974. Mai kanti ba ya ganin lambar katin, banki ko wani kamfani ne ke tsayawa a tsakani ya cire la'adarsa. Kafin kuɗi su fita kuma banki yakan nemi mai kati ya tabbatar ta wayarsa, don maganin ɓarayi.

Na shida, kai kaya. Gidan waya na Faransa yana da sashen ƙunshi mai suna Colissimo. Akwai kuma wata dabara da ta karɓu ƙwarai: a kai ƙunshin shagon wani a unguwa, mai jarida ko mai kayan masarufi, mai saye ya je da katin shaidarsa ya karɓa. Kowane ƙunshi da lambarsa, ana bin sawunsa har ya isa.

Na bakwai, wanda ya fi duka wuya, lissafin sito. Abin da shafi ya ce akwai, lalle ya zama akwai. Ribar kayan kwamfuta ƙarama ce, ga shi kuwa ba sa son ajiya. Sankara ke ɓata goro, sabon samfuri ke ɓata kwamfuta. Wadda ka saya bana, baɗi an fito da wadda ta fi ta, farashinta ya faɗi tana cikin kwali. Mai wayo ba ya cika sito da abin da ba ya tafiya.

ABIN DA DOKA TA ƊORA WA MAI SAYARWA

Me ya sa mutumin Marseille zai aika da kuɗinsa ga wanda bai taɓa gani ba a Liyon? Domin doka ta tsaya masa. Wata doka ta ran 21 ga Yuni, 2004, ta wajabta wa mai shafi ya bayyana sunansa da adireshinsa da lambar rajistarsa da sunan mai ba shi masauki. Ta kuma ce ciniki ba ya ƙulluwa sai an nuna wa mai saye jimlar odarsa ya duba, ya gyara in da kuskure, sa'an nan ya tabbatar. Farashin da aka rubuta sai ya haɗa da haraji, wanda tun 2014 yake kashi 20 cikin ɗari a kan irin waɗannan kaya.

Tun 2014 kuma mai saye daga nesa yana da kwana 14 daga ranar da kaya suka iso hannunsa, in ya ga dama ya mayar a ba shi kuɗinsa, ba sai ya faɗi dalili ba. Dā kwana 7 ne. An togace wasu kaya, kamar waɗanda aka yi wa mutum musamman bisa bukatarsa. In ba a yanka ranar kai kaya ba, kada a wuce kwana 30. In ƙunshi ya ɓace ko ya fashe a hannun mai ɗaukar da kanti ya zaɓa, hasarar mai sayarwa ce. Sabon abu kuma yana da lamunin shekara 2 in aibi ya bayyana. Sunayen masu saye da adireshinsu amana ce, akwai hukumar CNIL mai tsaron wannan tun 1978, cikin Mayu 2018 kuma wata dokar Tarayyar Turai ta ƙara tsanantawa.

Wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure ba zai ji waɗannan baƙi ba. Malaman Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffa. A cikin Muwaɗɗa da Risala an yi maganar sayen dilar kaya bisa barnamaj, watau takardar da ɗan kasuwa ya rubuta abin da ke cikin dila, ba sai an kwance ba. In kaya suka zo daidai da siffa ciniki ya tabbata, in suka saɓa mai saye yana da zaɓi. Shafin oda barnamaj ne mai hoto. Akwai kuma babin mayar da kaya saboda aibi, da babin ciniki bisa sharaɗin zaɓi na 'yan kwanaki. Inda ya kamata a yi hattara shi ne yaro ya karɓi kuɗin abin da ba ya hannunsa, da niyyar in an biya ya ruga ya nemo. Wannan yana da sharuɗɗa a babin salam, na siffa da adadi da ajali, a zauna da malami a warware su tun ba a fara ba.

MU A NAN FA?

Ƙasarmu ba Faransa ba ce. Yawancin mutanenmu da kuɗin waya suke biya, wanda kamfanin MTN ya shigo da shi Gana cikin 2009. Gidaje da yawa ba lamba, ko da yake cikin 2017 an fito da adireshin GhanaPostGPS. Kayanmu a tasha ake ba direba, ko a ba mai babur. Da yawa cikin masu saye ba za su biya ba sai sun ga kaya da idonsu, ga kuma yawan tsofaffin kwamfutocin da aka yi aiki da su a Turai, waɗanda ba guda biyu da suke daidai. Mai sayar da irin waɗannan siffarsa sai ta fi ta LDLC tsawo: shekarar ƙira, ƙarfin batir, tabon da ke jiki, duk a faɗa. Gana ma tana da dokar cinikin lantarki ta 2008 da dokar tsare bayanan mutane ta 2012, ya kamata yaro ya san abin da suka ɗora masa.

Duk da haka muna da abin da saurayin Liyon bai samu ba a farkonsa. Muna da 'yan'uwa a Tamale da Bawku da Lome da Yamai da Kano, masu shaguna, waɗanda sunan uba kaɗai ya isa su karɓi ƙunshi su ajiye wa mai shi. Abin da Faransawa suka kashe kuɗi suka shirya, mu gadonsa muka yi. Sauyin hanya kuma ba yau aka fara ba. Da yaƙin 1892 ya watsa Salaga fatake suka koma Kumasi da Karachi da sauran wurare. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko lokacin da wasu ke bin jaki, da jirgin ƙasa ya isa Kano cikin 1911 kuma ya ga abin da ke tafe, ya shiga cinikin gyaɗa. Bai ƙi sabuwar hanya ba, bai kuma shige ta ido rufe ba.

Saboda haka, Alhaji, in ɗanka ya zo maka da wannan magana, kada ka kore shi, kada kuma ka miƙa masa jaka nan take. Zaunar da shi ka tambaye shi. Wa zai saya, a ina ya san su? Kayan suna ina, wa ke lissafinsu? Da sunan wa za a yi rajistar sana'a da ta shafi, asusun wa kuɗi za su shiga? Wa zai kai kaya Tamale, in sun fashe a hanya wa zai biya? In mai saye ya dawo da abu bayan mako guda, me za a ce masa, an kuwa rubuta wannan a shafin kowa ya gani? Ribar kowace kwamfuta nawa ce bayan an cire la'adar kuɗin waya da kuɗin mota da haraji? Duk tambayoyin nan ba wadda take bukatar ka iya taɓa kwamfuta, irin waɗanda ka saba yi wa yaran shagonka ne.

In ya amsa su da hankali, ba shi kaɗan ya gwada da kaya iri biyar ko goma waɗanda ya sani sarai, a yanka masa wata shida a zo a yi lissafi gaban shaidu. In ya kasa amsawa, ya koma shagon maigidansa ya ƙara koyo, shafin ba zai gudu ba. Ku kuma samari, sunan da za ku rubuta a saman shafin nan sunan gidanku ne, mutum ɗaya da aka cuta a Bolga zai gaya wa ɗari kafin magariba.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya kiyaye dukiyar iyaye, ya ba yaranmu sa'a da riƙon amana, amin.